Ɗan barkwanci ya kwaikwayi mawaƙinmu ya muzanta shi: mu rama ko mu ƙyale?

«Baba, ina gaisuwa. Ni ne ke riƙe da zauren WhatsApp na masoyan wani babban mawaƙi a nan Tahoua. Wani ɗan barkwanci daga Yamai ya saki bidiyo yana kwaikwayonsa. Ya cusa matashin kai cikin riga ya yi tumbi, ya sa baƙin tabarau, yana waƙa ta hanci, duk wanda ya miƙo masa jaka, wato kuɗi, sai ya juya waƙar ta koma kansa. Daga ƙarshe ya kwaikwayi ɗingishin da mawaƙin yake yi tun da ya yi hatsarin mota, ya ce ai roƙo a nono ya sha shi. Zaure ya kama da wuta. Wasu sun ce mu yi masa ca da zagi har sai ya goge, wasu sun samo lambarsa da hoton ƙofar gidansu, wasu kuma sun yi dariya sun ce wasa ne, an fitar da su daga zauren. Shi mawaƙin bai ce uffan ba. Wannan wasa ne ko cin mutunci? Kuma me ya kamata mu yi?»

Ɗana, ina amsawa, Allah ya yi maka albarka. Tambaya biyu ka haɗa, gara mu raba su tun yanzu. Ta farko, abin da yaron nan ya yi yana cikin wasan da al'ada ta yarda da shi ko ya ƙetare iyaka? Ta biyu, ko da ya ƙetare, wa ke da hakkin ɗaukar mataki, kuma wane mataki ne zai amfani mutumin da kuke so? Na daɗe ina horar da ƴan wasan kwaikwayo a garin nan, na rubuta wasannin rediyo, kuma kwaikwayon mutane yana cikin darussan da nake fara koya wa yaro. Saboda haka ka san da cewa zuciyata takan karkata wajen ƴan wasa. Amma hakan bai rufe mini ido ga wurin da wannan ya yi ɓarna ba.

Kwaikwayon manya ba yau aka fara shi ba

Waɗanda suke cewa wayar hannu ce ta kawo mana rashin kunya sun manta da ƴan kama. Ɗan kama sana'arsa ke nan tun zamanin kakanni: ya ɗauki waƙar da aka yi wa sarki, da amonta da komai, ya cire sunan sarki ya sa tuwo da miya da fura. Ya kwaikwayi muryar makaɗin fada, ya kwaikwayi malami yana jan baƙi, kasuwa ta yi ta dariya, a ba shi abin da ya samu. Makaɗan da ake kwaikwaya sun sani, kuma mai hankali a cikinsu ya gane cewa ɗan kama ba ya ɓata lokacinsa a kan waƙar da ba kowa ya haddace ba. Idan ba a san asalin abu ba, kwaikwayonsa ba ya ba da dariya.

A Damagaram akwai wasan kara, inda matasa ke shiga kamar sarki da gwamna da manyan gwamnati, su yi tafiyarsu da maganarsu, manyan kuma su zo su zauna su kalli kansu. A ƙasar Hausa akwai tashe daga goma ga azumi, yara su manna gemun auduga su yi tsoho, a tsokani gwauro, a tsokani mai rowa. Ga wasan taubasai, tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, tsakanin Fulani da Barebari, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Su kansu mawaƙa ba waliyyai ba ne a wannan fage. Zambo da habaici makamansu ne. Makaɗin fada yakan wasa ubangidansa ta hanyar muzanta abokin hamayyarsa, ya siffanta wuyansa da cikinsa da tafiyarsa. Marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, har manyan mutane suna shakkar bakinsa. Mai sana'ar da take da zambo a cikinta ba zai ce shi kaɗai ne ba a taɓawa ba.

Sai dai kowane ɗaya daga cikin wasannin nan yana da shinge. Taubashi yana tsokanarka ne saboda akwai zumunta, kuma gobe kai ma za ka rama, idan kuma wata masifa ta same ka shi ne na farko a ƙofar gidanka. Tashe yana da watansa, sallah na zuwa ya wuce. Wasan kara ana yin sa a gaban wanda ake kwaikwaya, ana kallon fuskarsa, da an ga ta canja mai wasa ya san ya kai gaɓa. Ɗan kama kuwa kansa yake fara mayarwa abin dariya, shi ne mayunwaci, shi ne makwaɗaici. Bidiyon waya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Babu zumunta tsakanin yaron da mawaƙin, babu ranar da abin zai ƙare, ba a ganin fuskar kowa, kuma ƴaƴan mawaƙin za su iske shi a wayar abokansu na makaranta bayan shekaru. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa ai al'adarmu ce, a yi shiru. Al'adar ta zo da ladabinta, wanda ya ɗauki wasan dole ya ɗauki ladabin.

Bidiyon nan ba abu ɗaya ba ne

Idan yaro ya zo mini yana so ya kwaikwayi wani sanannen mutum, nakan ce ya je ya yi ta kallonsa, kada ya dawo mini da abin da kowa ke gani. Ya dawo mini da yadda yake gyara zaman hularsa kafin ya kama baiti, yadda yake ɗaga yatsa ɗaya ga makaɗa idan yana so a sassauta, yadda yake jan numfashi ya bar ƴan amshi su cike, yadda idonsa ke bin hannun da ya shiga aljihu alhali bakinsa bai daina waƙa ba. Wannan shi ne aiki. Dokar da nake kafa musu guda ce: abin da mutum ya zaɓa da kansa, naka ne ka taɓa, abin da Allah ya ɗora masa, ba naka ba ne.

Mu auna bidiyon da wannan. Baƙin tabarau, shi ya saya ya sa. Waƙa ta hanci salo ne, kuma salon mawaƙi shi ne abu na farko da ake kwaikwaya a ko'ina. Juya waƙa zuwa ga duk wanda ya miƙo jaka, na san nan ne ya fi yi wa wasunku zafi, amma wannan suka ce ta halal. Dukanmu mun ga lokacin zaɓe, mun ga mawaƙin da ya yi wa wannan waƙa bana ya yi wa abokin hamayyarsa baɗi. Ko mawaƙinku yana yi ko ba ya yi, magana ce a kan sana'a, kuma jama'ar da ke sauraro suna da hakkin su yi dariya a kanta. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya hau dandali ya karɓi liƙi a gaban dubban mutane ya san za a yi maganar liƙin.

Ɗingishin kuma wata magana ce daban. Mutum ya yi hatsari, Allah ya tsallakar da shi, ya tashi da tabon da zai kai shi kabari, sai ka mayar da wannan abin tafi? Babu fasaha a ciki, yaron goye ma zai iya jan ƙafa. Kuma ba mawaƙin kaɗai aka taɓa ba. Duk wanda shan-inna ta taɓa, duk wanda babur ya kayar, yana kallon bidiyon yana ganin yadda ake ganinsa. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi, kuma ko ba a kawo aya ba, tarbiyyar gida ta isa ta hana wannan.

Maganar nono ta fi ɗingishin muni a wurina. Ya shigo da mahaifiya cikin wasan da ba nata ba, sannan ya tono tsohon rainin da ake yi wa gidajen makaɗa da maroƙa, rainin da har gobe yake hana aure a wasu gidaje. Mutanen nan su suka riƙe mana tarihin sarakuna da na garuruwa a bakinsu, da su ake biki da suna da naɗin sarauta. A garin Tahoua da aka sani da gasar kiɗa mai sunan marigayi makaɗi Ɗan Gurmu, bai kamata a bar gorin asali ya wuce da sunan barkwanci ba. To ka ga amsar tambayarka ta farko: yawancin bidiyon wasa ne, kuma da alama yaron yana da ido, amma ƙarshensa cin mutunci ne.

Game da fushinku, ba zan ce muku ba shi da dalili ba. Mu mutanen Adar ƴan ci-rani ne. Yaro zai bar gida ya tafi Abijan ko Libiya ko Aljeriya, ya kwana a ɗaki ɗaya da mutum goma, abin da ke haɗa shi da gida shi ne waƙoƙin da ya loda a waya kafin ya tashi. Da muryar mawaƙin nan aka kai wata ɗakin mijinta, da ita wani ya yi jinyar mahaifinsa. Idan aka yi wa muryar dariya, mutum yakan ji kamar shekarunsa aka yi wa. Na fahimci wannan sarai, kuma duk wanda ya ce muku ai waƙa ce kawai bai san abin da waƙa take yi wa mutum ba.

Amma ku dubi inda fushin yake zuwa. Facebook da TikTok ba sa tantance yabo da zagi. Abin da suke ƙirgawa shi ne mutum nawa suka tsaya, nawa suka yi sharhi, nawa suka tura. Duk wanda ya shiga ya zazzaga ashar ya ƙara wa bidiyon tafiya, duk wanda ya tura shi wani zaure yana cewa ku zo ku ga rashin mutunci ya kai shi inda yaron ba zai iya kai shi da kansa ba. Kamar mai hura wuta ne da niyyar kashe ta. Ƴan barkwancin yanzu sun san haka, wasunsu ma da gangan suke sa abin da zai harzuƙa mutane a ƙarshen bidiyo.

Sannan akwai abin da zagin yake jawo wa shi mawaƙin. Mutumin da ba ruwansa, idan ya buɗe sharhi ya ga ɗaruruwan masu hoton mawaƙin a shafinsu suna zagin uwar wani, ba zai ce yaron ya yi laifi ba, zai ce ashe haka mabiyansa suke. Mai shirya biki zai yi tunani, kamfanin da ke neman wanda zai yi masa talla zai yi tunani. Cikin kwana biyu sai magana ta juye, wanda ya yi laifi ya zama abin tausayi.

Batun lamba da hoton ƙofar gida, ɗana, ka tsayar da shi yau, kada ka bari ya kwana. A gidan nan akwai tsohuwa da ƙanne waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A cikin mutum ɗari masu zagi a waya, ɗaya ya isa ya ɗauki abin da gaske ya je ƙofar. Kuma dokar yaƙi da laifukan intanet da ƙasar nan ta kafa a 2019 ta tanadi hukunci kan zagi da ɓata suna ta waya ko kwamfuta. A 2022 an cire ɗauri daga hukuncin waɗannan laifuka, a 2024 aka maido da shi. Yaron da ya rubuta barazana da sunansa da lambarsa shi zai amsa kira, kuma kai mai riƙe da zaure ba za ka so a ce a gabanka aka shirya ba.

Shirun mawaƙin

Ka ce bai ce uffan ba. Wannan ita ce magana mafi nauyi a cikin wasiƙarka, kuma ita ce zaurenku ya tsallake. Shi aka taɓa. Ƙafarsa ce, mahaifiyarsa ce. Mutumin da ya shekara da shekaru yana sarrafa magana a gaban jama'a, idan ya yi shiru ba don ya rasa abin faɗa ba ne. Wataƙila ya ga cewa amsawa ɗaga yaron ne. Wataƙila ana magana ta bayan fage. Idan kuka riga shi, kun ƙwace masa zaɓi, kun tilasta masa ko ya goyi bayan zagi ko ya fito ya barranta da masoyansa.

Na taɓa shiga tsakani a irin wannan, tun kafin waya ta yi yawa haka. Wani yaro cikin ƙungiyata ya kwaikwayi wani makaɗin biki a dandali, yaran makaɗin suka yi rantsuwa sai sun fasa masa baki. Na sayi goro na ɗauki yaron muka je gidan da la'asar. Muka iske tsohon a kan tabarma a zaure, kalangu rataye a bango, yaransa sun cika ƙofa suna huci. Bayan gaisuwa bai bari na yi dogon bayani ba, ya ce wa yaron, tashi ka yi mini abin da ka yi. Yaron ya tashi jiki na rawa. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya irin nasa, ya ɗaga yatsa ga makaɗan da babu su. Tsohon ya yi dariya har yana share ido da bakin rawani, ya juya ga yaransa ya ce, ashe haka nake yi ba ku taɓa gaya mini ba. Da yaron ya zo wurin da yake kwaikwayon karkacewar bakinsa, wadda ciwo ya bar masa, sai tsohon ya ɗaga hannu. Ya ce, wannan ba ni na yi ba, ka bar wa Mai shi. Ya sa hannu a aljihu ya ba yaron kuɗi, ya ce sauran ka ci gaba. Yaron bai sake taɓa bakin ba, kuma daga baya makaɗin da kansa yakan aika a kira shi wurin biki.

Ba kowane mawaƙi ne zai yi haka ba, ba kowane ɗan barkwanci ne zai bi ka zuwa zaure ba. Amma hanyar tana nan. Ƴan wasa da mawaƙan Yamai sun san juna, suna haɗuwa a cibiyar al'adu ta Umaru Ganda da wuraren biki da gidajen rediyo, kuma da wuya a rasa babban da yaron yake jin nauyinsa. Abin da za a nema a wurinsa ya zama ƙarami kuma bayyananne: ya yanke ƙarshen bidiyon, ya ba da haƙuri a kan ƙafa da kuma mahaifiya. Kada a ce ya goge duka, kada a ce ya daina kwaikwayon mawaƙin har abada. Idan kuka nemi duka zai ƙi, kuma jama'a za su goya masa baya, domin rabin farko ya ba su dariya da gaskiya. Idan kuka nemi abin da kowane mai hankali ya san laifi ne, ba shi da wurin tsayawa.

Kotu kuwa hakkin mawaƙin ne shi kaɗai, ba na masoya ba. Ni ba lauya ba ne, idan ya zaɓi wannan hanya sai ya nemi masu ita. A ra'ayina dai, kai ɗan wasa gaban alƙali saboda kwaikwayo abu ne da nake ƙi, domin ƙofar da aka buɗe don kare mawaƙi yau, gobe mai mulki zai bi ta ya rufe bakin mawaƙin kansa.

Akwai wurin da ma'aunina ba ya yanke hukunci kai tsaye, kuma tumbin nan yana ciki. Ƙiba zaɓi ce ko halitta? A wasanninmu tumbi alamar mai kuɗi ne da ya ci ya ƙoshi, shi ya sa na sa shi a ɓangaren wasa. Amma idan ciwo ne ya kumbura mutum, hukuncin ya canja, kuma ɗan wasa ba koyaushe yake sani ba. Haka tsufan murya. Haka idan mawaƙiya ce mace, domin abin da namiji zai yi dariya ya wuce, ita yana iya kashe mata aure. A irin waɗannan wurare nakan ce wa yarana su tambayi kansu ko za su iya yin abin a gaban mutumin da ƴaƴansa, in ba za su iya ba su bar shi. Wani malamin wasan zai ce na cika tsanani, ya ce dariya ba ta da ladabi, kuma a cikin abokan aikina akwai masu wannan ra'ayi da nake girmamawa.

Waɗanda kuka fitar daga zaure saboda sun yi dariya, ka maido su. Mutum yana iya son mawaƙi ya kuma yi dariyar tabaransa, kuma sau da yawa wanda ya fi haddace waƙoƙin shi ya fi jin daɗin kwaikwayon, don shi ya san inda aka ɗauko kowane motsi. Ka rubuta wa zauren cewa ba a sake tura bidiyon, ba a sa lambar kowa ko hoton gidan kowa, wanda ya sa a goge. Ku zaɓi mutum biyu masu natsuwa su kira na kusa da mawaƙin su ji abin da yake so, ku tsaya a kan abin da ya ce ko da bai yi muku daɗi ba. Masu jin hannunsu na ƙaiƙayi kuma, ga tsofaffin waƙoƙinsa nan da yaran yanzu ba su taɓa ji ba, su ɗora su a wannan makon da sunansa ke bakin kowa.